Ina magana a mitin kowa ya yi tsit, daga baya sai in ji an kai ƙarata

Assalamu alaikum Anti, ya gida ya aiki. Dan Allah ki sakaya sunana. Ni mace ce, shekarata 32, ina zaune a Samaru nan Zariya, ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai sayar wa manoma iri da taki da maganin feshi. Wata biyar kenan da Alhaji mai kamfanin, shi yana Abuja, ya ɗora ni a kan ma'aikata tara, kuma ba waje ɗaya muke ba, akwai na Giwa da Soba da Makarfi da Funtuwa, biyu a Kano, biyu a nan cikin Zariya, sai yaron da ke kula mana da manhaja yana karatu a Ingila. Duk Litinin ƙarfe 4 na yamma muna mitin a Zoom, kowa ya karanto rahotonsa, sai mu kai kusan magariba ba mu gama ba. Na ce dole kowa ya kunna kamara sun ƙi, wannan ya ce data wancan ya ce netwok, in na gama bayani na ce akwai mai magana sai ki ji tsit, kuma abin da muka tsayar ba a yi, in na tambaya a guruf sai a ce ai ba a ji ba. Babbar damuwata wani dattijo ne na Giwa, tsohon malamin gona ne sa'an babana, Baba muke ce masa, da shi aka kafa kamfanin. Tun ranar da na gyara masa lissafin buhunan taki a cikin mitin bai ƙara cewa uffan ba, sai dai ya shigo ya kashe makirfo, kuma na samu labarin yana kiran Alhaji yana cewa ba na ganin girman mutane. Wallahi Anti ba raini ba ne, lissafin ne bai yi daidai ba. Yanzu tun daren Lahadi gabana ke faɗuwa, har na rubuta takardar ajiye muƙamin ban dai tura ba. In tura ne, ko in kai ƙararsu duka wajen Alhaji?

Daga 'yar uwarki a Samaru

Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Wurin da ya fi tsaya min a rai cikin saƙonki shi ne faɗuwar gaban nan ta daren Lahadi, don wanda bai damu da aikinsa ba baccinsa yake sha. Takardar nan ki bar ta inda take tukuna, kar ki goge kar kuma ki tura, ƙarar ma ki dakata da ita, saboda yawancin abin da kika lissafo gyaransa yana hannunki ne, kuma in kika kai ƙarar mutum tara a lokaci ɗaya abin da Alhaji zai ji kawai shi ne maganar Baba ta tabbata.

Shirun nan da ke ci miki rai, ina so ki daina fassara shi da raini kai tsaye. Ki tuna yadda muke hira in muna zaune wuri ɗaya, kina magana ana ta ce miki na'am, haka ne, ƙwarai, wani ya gyaɗa kai wani ya ce ikon Allah, da waɗannan ƙananan amsoshin mai magana yake gane ana tare da shi. Toh a Zoom kowa ya kashe makirfo don kar a ji kukan yara ko ƙarar janareto, duk waɗannan sun tafi, ke kuma kunnenki ya saba da su shi ya sa kike jin kamar an juya miki baya. Akwai kuma jinkirin murya. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan harsuna goma ya nuna tazarar da ke tsakanin mutum ya gama magana da ɗan uwansa ya amsa ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, yanzu ki auna wanda yake Soba da netwok mai rauni, muryarki na isa gare shi a makare, ya buɗe baki kenan sai na Kano ma ya fara, su biyun su tsaya, ci gaba, a'a kai ci gaba, in aka yi wa mutum haka sau biyu sau uku sai ya ga shirun ya fi masa sauƙi. Ki ɗora tarbiyyarmu a kai, yaro ba ya riga babba magana, tun da Baba ya kama bakinsa wane ne cikin yaran zai fito ya yi ta zuba a gabansa? Ban ce babu mai yi da gangan a cikinsu ba, zan zo kansa, amma ba duka ba ne.

Maganar kamara kam gaskiya ina bayan su. Mitin na bidiyo da mutane da yawa yana iya lashe kusan giga guda a awa ɗaya, murya zalla kuwa ko megabait 100 ba ta kaiwa, kuma kin san tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 kan farashin kira da data. Ba ki faɗa min ko kamfani ke saya musu datar ba, in daga albashinsu suke cirewa to awa biyu na bidiyo duk sati ba ƙaramin kuɗi ba ne a wajen mai ƙaramin albashi, ga cajin waya in an ɗauke wuta tun safe. Ko a inda data ba matsala ba ce bidiyo yana gajiyarwa, wani farfesa a jami'ar Stanford ta Amurka, Jeremy Bailenson, ya yi rubutu a kai a 2021, ya kawo dalilai irin su fuskoki sun matso kusa da ido ana ta kallon juna, mutum yana ganin kansa a allo tsawon lokaci, kuma ba ya iya motsawa daga wuri ɗaya. Mu nan sai ki ƙara da kunya, wani ɗaki ɗaya gare shi da iyali ba ya so abokan aiki su ga cikin gidansa, macen cikinsu sai ta nemi hijabi ta kori yara ta gyara wuri. Ki janye dokar nan da bakinki a mitin na gaba, ki ce wanda ya ga dama ya kunna lokacin gaisuwa a ga juna, daga nan kowa ya kashe. Za ki ga wasu sun fara kunnawa da kansu tunda ba dole.

Lokacin ma ki sake dubawa. Ƙarfe 4 a Zariya ai lokacin La'asar ne, wani yana sahu wani yanzu ya fito masallaci, kuma masu shagon taki da iri lokacin ne manoma ke dawowa daga gona su tsaya sayayya. Ki ba su zaɓi uku a guruf su kaɗa ƙuri'a, WhatsApp yana da wurin yin haka, ki cire Juma'a da ranar kasuwar garin kowannensu, ni da ni ce zan gwada safiya kafin rana ta yi da sauran caji a waya. Lokacin da mutum ya zaɓa da hannunsa kunya ma za ta hana shi makara. Yaronku na Ingila kuma ki lura, daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonsu ɗaya da namu, sauran watannin muna gaban su da awa ɗaya, don haka duk sanarwa ki rubuta agogon Najeriya a jiki, ki kuma tambaye shi jadawalin laccarsa duk farkon zango. Shi ba ma sai ya zauna duk mitin ba, in ba a zo maganar manhaja ba me zai yi da lissafin buhu.

Yanzu ga inda nake ganin asalin ciwon yake, kin ɗora wa mitin ɗin kayan da ba nasa ba. Mutum tara kowa ya karanta rahoto na minti goma, minti 90 kenan, kuma a ciki kowa minti goma ne nasa, sauran 80 yana sauraren abin da bai shafe shi ba, na Funtuwa ina ruwansa da adadin kwalaben feshin da suka rage a Makarfi? Dole ya ajiye wayar ya kama wani abu, sai kin kira sunansa ya ce na'am netwok ne. Rahoto a rubuce ake ba da shi. Ki sa doka ɗaya mai sauƙi, kafin magaribar Asabar kowa ya turo abu uku, me ya sayar, me ya rage a sito, me ya tsaya masa da yake neman taimako. Lambobin a zuba su a Google Sheets, wato teburin lissafi na intanet, guda ɗaya da kowa ke iya gani, wanda ba ya iyawa ya ɗauki hoton shafin littafinsa ya turo ko ya yi saƙon murya da bai wuce minti biyu ba, ɗaya daga cikin na Zariya ya shigar. Kar ki raina hoton littafi, mutum irin Baba ya shekara yana rubuta lissafi da biro, a nan hannunsa ya fi faɗawa. Manyan kamfanoni ma abin da suka gano kenan, a Amazon tun 2004 Jeff Bezos ya hana manyan ma'aikatansa zuwa mitin da hotunan majigi, sai dai a rubuto bayani har shafi shida a zauna a karanta shiru kafin a fara magana, kamfanin manhaja na GitLab kuwa ma'aikatansa a warwatse suke a ƙasashe da dama ba ofis, kusan komai nasu a rubuce yake a kundi ɗaya da kowa ke dubawa. Ke rabin shafi ya ishe ki.

In rahoto ya fita daga ciki, abin da ya rage wa mitin shi ne abin da sai an yi shawara, za a ba manomi bashin taki ko ba za a ba shi ba, wa zai karɓi motar kaya, me za a yi da irin da ya kusa lalacewa. Ki zaɓi uku kacal daga abubuwan da suka ce sun tsaya musu, ki tura ranar Lahadi da rana, kowanne da sunan wanda zai fara magana a kai don ya shirya. Zoom na kyauta minti 40 yake yankewa, Google Meet na kyauta awa ɗaya, ni ina ganin minti 40 ɗin nan ku mayar da shi iyakarku ko da kuna biyan kuɗi. In kuma wayoyin wasu ƙanana ne Zoom na yi musu nauyi, kiran murya na WhatsApp yana ɗaukar har mutum 32, ba sai an nemi linki ba, ki gwada ki ga wanne ya fi zama a Soba da Makarfi, su za su faɗa miki.

Gaisuwa kar ki yanke ta wai don sauri, mu ba a fara mana magana a tsaye. Ki ba ta minti biyar cif, ki kira kowa da sunansa, ya gida ya yara ya mai jiki, an yi ruwa a wajenku? Amfaninta biyu, kin ji muryar kowa kin san makirfonsa na aiki, kuma bakin da ya buɗe a farko ya fi saurin sake buɗewa. Daga nan ki daina cewa akwai mai magana, wannan tambayar ba ta da mai ita shi ya sa ba mai ɗauka. Ki ce wane, a Makarfi manoma nawa suka nemi bashin nan, kai me ka gani? In kin yi tambayar ki yi shiru ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake magana, zai yi miki tsawo sosai amma lokacin ne yake lalubo makirfo muryarsa ta taho. Sannan ki fara da ƙanana ki ƙare da Baba, saboda in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa ba yaron da zai saɓa masa, kowa zai ce yadda Baba ya ce, amma in shi ne na ƙarshe kin ji na kowa kuma shi kin ba shi girman rufe magana.

Minti biyar na ƙarshe su ne maganin ai ba a ji ba. Kar ke ki karanto musu, kowa ya faɗa da bakinsa abin da zai yi da ranar da zai gama, in ya faɗa ba daidai ba nan take za ki gane inda netwok ya cinye maganar. Kafin awa ɗaya a rubuta a guruf, gajere, wane zai yi kaza zuwa ranar kaza, kowa ya amsa da na gani. Rubutun nan ki riƙa juya shi, wannan satin na Kano sati mai zuwa na Funtuwa, wanda ya san shi zai rubuta ba ya ajiye waya. Wanda kuma netwok ya jefar da shi sau biyu kar a tsaya jiransa ana hello kana ji na, a ci gaba, in an tashi ki kira shi a layi na minti biyar ki ba shi abin da ya shafe shi. Wani abu kuma, in ku ukun nan na Zariya kuna haɗuwa wuri ɗaya ku shiga da waya ɗaya, ku yi hattara, na nesa suna jin kuna dariya ba su san dalili ba, kuma in an kashe kiran ku ci gaba da shawara ku yanke abu ba su nan, ba abin da ke sa na nesa ya ji shi bare ne kamar wannan.

Guruf ɗin ma ki raba shi biyu, ɗaya na sanarwa da ke kaɗai ke rubutu, ɗaya na hira da tambayoyi da barka da Juma'a, don kar maganar aiki ta nutse. Kuma ki sani rubutu ba shi da murya, ke kin rubuta ina rahoto cikin sauri kina tsakiyar wani aiki, shi ya karanta kamar tsawa kika daka masa a gaban mutane. Sallama da dan Allah ba sa cin data. Gyara ko faɗa kuwa kar ya taɓa shiga guruf, a kira mutum shi kaɗai. Ki faɗa musu bayan isha'i ba wanda ake jiran amsarsa sai da safe, ke ma har da ke, abin gaggawa a kira a waya. Ki kuma samu minti goma duk sati biyu ki kira kowannensu shi kaɗai ba don rahoto ba, ya aikin, me ke ba ka wahala, me kake so in canza. Abin da za ki ji a wannan kiran ba za ki taɓa jin sa a mitin ba.

Toh sai Baba. Ƙanwata na yarda ba ki yi da niyyar raini ba, kuma lissafin kina da gaskiya, buhun taki dukiyar mutane ce ba a kawar da kai a kansa. Amma wurin da kika yi gyaran bai dace ba, gara in faɗa miki. Ki tsaya a inda yake ki duba, mutum ya yi aikin malamin gona har ya yi ritaya, da shi aka kafa kamfanin, wataƙila rabin yaran nan shi ya koya musu bambancin NPK da yuriya, rana ɗaya aka ɗora sa'ar 'yar cikinsa a kansa ya haɗiye, sai kuma ga shi ana ce masa lissafinka ba daidai ba a gaban yaran, ta cikin waya, ba ya ganin fuskar kowa balle ya san ko dariya suke yi. Da a ɗaki ɗaya kuke da kin ga fuskarsa ta canza kin sassauta nan take, wayar ce ta ɓoye miki, shi kuma ya kwana da abin shi kaɗai a Giwa. Kai ƙara wajen Alhaji a bayan idonki ba daidai ya yi ba, da ke ya kamata ya kira, sai dai dattijo irinsa da wuya ya kira yarinya ya ce kin ɓata min rai, wajen sa'ansa zai je.

Wannan ba a gyara shi a Zoom, ba a gyara shi da saƙo. Zumunci a ƙafa yake, kuma daga Samaru in kin wuce Shika ai kin kusa Giwa. Ki kira shi ki ce Baba ina so in zo in gaishe ka, ki tafi da ɗan uwanki ko ɗaya daga cikin abokan aikin da yake sakewa da shi, da 'yar tsarabarki, ki gaida iyalinsa. In an natsu ki ce Baba na zo ba da haƙuri ne, ranar nan bai kamata in yi maganar lissafi a gaban yara ba, kamata ya yi in kira ka mu duba tare, ka yafe min. Iya nan. Kar ki ce lissafinsa daidai ne don ba daidai ba ne, kar kuma ki sake buɗe shi kina kare kanki, kuma kar ki nuna kin san yana kiran Alhaji. Sai ki yi shiru ki bar shi ya fitar da abin da ke cikinsa, mai yiwuwa ki ji abubuwan da suka girmi zuwanki, wataƙila ma ba da ke yake fushi ba, da yadda aka yi naɗin ne ba a shawarce shi ba. Kar ki katse shi ko da ya faɗi abin da ba haka ba ne.

Kafin ki taso ki roƙe shi abu biyu. Na farko duk Asabar ku biyu ku duba lissafin Giwa a waya kafin a saka a inda kowa ke gani. Na biyu ki ba shi minti biyar nasa na kansa a kowane mitin ya yi wa yaran bayanin abin da ake ciki a gona, yaushe za a gaya wa manomi ya zuba taki na biyu, yaya ake gane tsutsar nan mai cin masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 tun tana ƙarama, wane iri ne ya dace da wanda ya makara da shuka. Ba wai don ki lallashe shi kawai ba, wannan ilimin shi ne abin da ke sa manomi ya dawo shagonku, kuma ke ba ki da shi kamar yadda yake da shi. Abu ɗaya dai zan ja kunnenki, in bayan haka lissafin ya ci gaba da saɓawa kuma kullum ta gefe ɗaya yake saɓawa, wannan ya tashi daga maganar girma ya koma amana, ki rubuta da hujja ki kai wa Alhaji a sirrance, girman mutum ba ya sa a rufe ɓatan kaya. Ban zarge shi ba, kuskuren lissafi kowa na yi.

Alhaji ma yana da nasa kason a ciki, shi ya naɗa ki kuma shi yake ɗaga waya ya saurari ƙorafi a kanki. Bayan kin dawo daga Giwa ki kira shi, ki fara da cewa kin je kin ba Baba haƙuri, sannan ki tura masa shafi ɗaya na sabon tsarin. Ki nemi alawus ɗin data da lissafinsa a rubuce, mutum nawa, nawa a wata, masu kamfani sun fi jin magana in da lamba a jiki. Ki roƙe shi ya shigo mitin ɗaya na minti biyar ya yabi Baba a gaban kowa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa harkar yau da kullum ta hannunki za ta bi. Ki ce masa cikin ladabi in wani ya kira shi da ƙorafi ya fara tambayarsa ko ya gaya miki. Sannan ki nemi a riƙa haɗa ku ido da ido ko sau biyu ne a shekara, kafin faɗuwar damina da bayan kaka, Zariya ce ma tsakiyarku, na Kano da na Funtuwa duk za su zo su koma a yini ɗaya. Mutanen da suka ci abinci a faranti ɗaya in sun koma waya ba sa yi wa juna irin wannan shirun.

Ki ba tsarin sati shida. A nan ne za ki gane wanda da gaske netwok ne da wanda ya fake da shi, don yanzu komai a rubuce yake, ga abin da ya ce zai yi da bakinsa ga ranar. Wanda ya saɓa ki kira shi shi kaɗai ki tambayi dalili tukuna, in ya maimaita ki rubuta masa, in ya sake sai ki kai wa Alhaji sunan mutum ɗaya da kwanan wata, wannan ita ce ƙarar da ake saurara.

Ke kuma ki tausaya wa kanki, wata biyar ne kacal kuma ba wanda ya zaunar da ke ya koya miki shugabancin mutanen da ba kya gani. Ki gama shirya ajanda da rana ranar Lahadi ki ajiye wayar aiki, ki samu wadda kika yarda da ita ki riƙa faɗa mata abin da ke ranki, in kuma faɗuwar gaban ta kai ga hana ki bacci da cin abinci sati bayan sati ki je ki ga likita, ba abin kunya ba ne. In kin yi duk wannan sai Alhaji ya ƙi tsaya miki, kina yanke abu yana warwarewa ta bayan fage duk wanda ya kira shi, toh a lokacin ki ɗauko takardar, amma ki fara neman ya mayar da ke aikinki na da ko ki samu wani a hannu kafin ki tura. Allah Ya dafa miki, ki gaida mutanen gida.